Gasar rubutu kan kawar da makaman nukiliya a makarantu: Abin da ya kamata masu shiryawa su sani

Gasar rubutu kan kawar da makaman nukiliya tsari ne da makarantu da ƙungiyoyi suke bi a ƙasashe da dama domin sa ɗalibai su yi bincike, su yi tunani, sannan su bayyana ra'ayinsu a rubuce game da makaman da aka fi sani a Hausa da makaman ƙare-dangi. Shugaban makaranta, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ko ɗan kasuwar da ke son ɗaukar nauyin irin wannan gasa, zai tarar da cewa kuɗin kyauta shi ne mafi sauƙin abin da ake bukata. Nasarar gasar ta dogara ne a kan ingancin bayanan da aka ba ɗalibai, da kyawun jigon da aka zaɓa musu, da kuma adalcin alƙalanci. Idan aka rasa ɗaya daga cikin ukun nan, sai a tara tarin takardu masu maimaita cewa yaƙi ba shi da kyau, a raba kyauta, kowa ya watse bai ƙaru da komai ba.

Asalin al'adar

Rubutun yara ya daɗe yana da gurbi a fafutukar kawar da waɗannan makamai. A birnin Hiroshima na ƙasar Japan, wanda Amurka ta jefa wa bam ɗin nukiliya a ranar 6 ga Agusta, 1945, ɗalibai biyu 'yan aji shida na firamare ne suke karanta alƙawarin zaman lafiya a madadin yaran birnin yayin taron tunawa da ake yi duk shekara. A Nagasaki, wadda ta gamu da irin wannan masifa kwana uku bayan Hiroshima, an fara tura ɗaliban sakandare a matsayin jakadun zaman lafiya tun 1998, shekarar da Indiya da Pakistan suka yi gwajin makamansu. Ɗaliban kan tattara sa hannun jama'a su kai ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Geneva.

A Amurka kuwa, wata yarinya 'yar shekara 10 mai suna Samantha Smith ta rubuta wa shugaban Tarayyar Sobiyet, Yuri Andropov, wasiƙa a ƙarshen 1982 tana tambayarsa ko yana shirin yaƙin nukiliya. Ya ba ta amsa, ya kuma gayyace ta, ta ziyarci ƙasarsa a 1983. Ita ma Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto na musamman a 2002 kan ilimantar da jama'a game da kwance ɗamarar makamai, inda ta ja hankalin ƙasashe su shigar da batun cikin karatu.

Ita kanta gasar rubutu ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East aka samu littattafai irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016, ta sake nuna cewa idan an buɗe fili da ƙa'idoji bayyanannu, marubuta suna fitowa.

Abin da ya haɗa Najeriya da batun

Tambayar farko da iyaye da malamai za su yi ita ce: ina ruwan ɗalibin Kano ko Gusau da makamin da ƙasarsa ba ta mallaka ba? Tarihi ya riga ya ba da amsa.

A ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta yi gwajin bam ɗinta na farko a kusa da Reggane, cikin Hamadar Sahara ta Aljeriya. Tsakanin 1960 da 1966 ta yi gwaji 17 a wannan ƙasa, huɗu a sarari, 13 a ƙarƙashin ƙasa. Fargabar da ta mamaye Afirka ta Yamma a lokacin ita ce iskar hunturu za ta kwaso ƙura mai guba ta yo kudu da ita. Gana ƙarƙashin Kwame Nkrumah ta yi tir da gwajin. A Janairun 1961, bayan gwaji na uku, gwamnatin Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa, ta kori jakadanta, ta kuma hana jiragen ruwa da na sama na Faransa shigowa Najeriya. Wato mutumin da ya shiga gasar rubutu a 1933 shi ne ya jagoranci ɗaya daga cikin matakai mafi tsauri da wata ƙasar Afirka ta ɗauka a kan gwajin nukiliya.

Akwai kuma batun ma'adinai. Wani kaso mai yawa na sinadarin yuraniyom da Amurka ta yi amfani da shi wajen ƙera bama-bamanta na farko ya fito ne daga mahaƙar Shinkolobwe da ke Kwango. Maƙwabciyarmu Nijar tana haƙar yuraniyom a yankin Arlit tun farkon shekarun 1970. A Zariya kuwa, Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da ta fara aiki a 2004. A 2018 aka sauya mata makamashi, aka cire yuraniyom ɗin da aka tace sosai aka mayar da shi ƙasar Sin, aka sa mata wanda ba a tace sosai ba, wanda ba ya amfani wajen haɗa bam. Waɗannan duka abubuwa ne da ɗalibi zai iya kafa rubutunsa a kansu ba tare da ya ari labarin wata nahiya ba.

Bayanan da za a raba wa ɗalibai

Yawancin makarantu ba su da littattafai kan wannan fanni, don haka wajibi ne masu shiryawa su buga takardar bayani mai shafi ɗaya ko biyu su raba wa duk mai son shiga. Ya kamata ta ƙunshi aƙalla waɗannan:

- An ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 1945 kimanin mutum 140,000 ne suka mutu a Hiroshima, kimanin 74,000 kuma a Nagasaki. Waɗannan ne kaɗai lokuta biyu da aka yi amfani da makamin a yaƙi.
- Ƙasashe tara ne suke da makaman: Amurka, Rasha, Birtaniya, Faransa, Sin, Indiya, Pakistan, Koriya ta Arewa da Isra'ila, wadda ba ta taɓa amsawa a hukumance cewa tana da su ba.
- Cibiyoyin bincike sun ƙiyasta cewa akwai kawunan makaman nukiliya kimanin 12,000 a duniya, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari suna hannun Amurka da Rasha. A tsakiyar shekarun 1980 adadin ya kai kimanin 70,000.
- Ƙudurin farko da Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar, a Janairun 1946, ya ƙunshi kira ga kawar da makaman.
- Yarjejeniyar hana bazuwar makaman nukiliya, wadda ake taƙaita sunanta da NPT, an fara sa mata hannu a 1968, ta fara aiki a 1970. Najeriya ta amince da ita tun 1968. Indiya, Pakistan da Isra'ila ba su taɓa shiga ba, Koriya ta Arewa kuma ta sanar da ficewarta a 2003.
- Yarjejeniyar haramta duk wani gwajin nukiliya an fara sa mata hannu a 1996, amma har yanzu ba ta fara aiki ba.
- Yarjejeniyar Pelindaba, wadda ta ayyana Afirka a matsayin yankin da aka haramta makaman, an sa mata hannu a Alƙahira a 1996, ta fara aiki a 2009.
- Yarjejeniyar haramta makaman nukiliya baki ɗaya, ƙasashe 122 ne suka amince da ita a ranar 7 ga Yuli, 2017, ta fara aiki a ranar 22 ga Janairu, 2021. Najeriya na cikin ƙasashen da suka jagoranci tattaunawarta, ta kuma miƙa takardar amincewarta a ranar 6 ga Agusta, 2020. Babu ko ɗaya daga cikin ƙasashe taran nan da ta shiga.
- Afirka ta Kudu ta ƙera bama-bamai shida, daga baya ta wargaza su, ta shiga yarjejeniyar NPT a 1991. Shugaba F.W. de Klerk ne ya bayyana haka ga duniya a 1993.

Kwamiti da zaɓen lokaci

Kwamitin mutum huɗu ko biyar ya wadatar: malamin harshe, malamin tarihi ko gwamnati, malamin kimiyya, wakilin ƙungiyar iyaye da malamai, da wakilin mai ɗaukar nauyi. Idan gasar ta haɗa makarantu da yawa, musamman na gwamnati, sai a fara neman izinin hukumar ilimi ta shiyya ko ma'aikatar ilimi ta jiha a rubuce kafin a buga sanarwa.

Ranakun 6 da 9 ga Agusta, da kuma 29 ga Agusta wadda ita ce ranar yaƙi da gwajin nukiliya ta duniya, duk sukan faɗo ne cikin dogon hutu. Saboda haka zangon karatu na farko ya fi dacewa. Ana iya ƙaddamar da gasar a ranar 26 ga Satumba, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware domin kawar da makaman nukiliya baki ɗaya, a rufe karɓar rubutu cikin makon kwance ɗamarar makamai da ake yi daga 24 zuwa 30 ga Oktoba, a yi amfani da Nuwamba wajen tantancewa, a raba kyauta kafin a fara jarrabawar ƙarshen zango. Wannan ya ba ɗalibi kimanin mako biyar na bincike da rubutu. A guji zango na uku, lokacin da 'yan ajin ƙarshe suke fama da jarrabawar WAEC da NECO.

Rukunai da jigo

Bai dace a haɗa ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare da ɗan ajin ƙarshe a ma'auni ɗaya ba. A raba gasar gida biyu ko uku bisa aji, kowane rukuni da adadin kalmominsa. Ga 'yan firamare na sama, wasiƙa mai kalmomi 200 zuwa 300 ta isa. Ga ƙaramar sakandare, insha'i ko gajeren labari mai kalmomi 400 zuwa 600. Ga babbar sakandare, maƙala mai kafa hujja, mai kalmomi 800 zuwa 1,000. Idan an buɗe ƙofar rubutacciyar waƙa, sai a ware mata rukuninta da alƙalanta, domin ma'aunin ƙafiya da kari daban yake da na zube.

Haka nan harshe. Idan an yarda a yi rubutu da Hausa da Turanci, ko har da Larabci a makarantun Islamiyya, kowane harshe ya samu kyauta daidai da ɗan'uwansa. Da zarar ɗalibai sun ga kyautar Turanci ta fi tsoka, sun fahimci saƙon da ake aika musu.

Jigo mai faɗi irin su "Zaman lafiya a duniya" ba ya haifar da komai sai maimaici. Jigon da ya fi amfani shi ne wanda aka tsara shi a matsayin tambaya mai bukatar amsa. Ga misalai:

- Rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ɗaya daga cikin ƙasashe taran da ke da makaman.
- Shin Najeriya ta yi daidai da ta yanke hulɗa da Faransa a 1961?
- Me ya sa Afirka ta Kudu ta rabu da bama-bamanta, kuma wane darasi ke ciki ga sauran ƙasashe?
- Ta yaya ƙasa za ta amfana da fasahar nukiliya a asibiti da gona da wutar lantarki ba tare da ta ƙera makami ba?
- A daren 26 ga Satumba, 1983, na'urorin Tarayyar Sobiyet sun nuna cewa Amurka ta harbo makamai masu linzami. Jami'in da ke bakin aiki, Stanislav Petrov, ya yanke hukunci cewa kuskuren na'ura ne, kuma haka ɗin ne. Rubuta labari a kan wannan dare.

Ga manyan ɗalibai, ya kamata a bar ƙofa a buɗe ga mai son kawo hujjar ɗaya ɓangaren. Ƙasashen da ke da makaman suna cewa tsoron ramuwa ne ya hana manyan ƙasashe faɗa wa juna da yaƙi tun 1945. Wasu kuma sukan kawo misalin Yukiren, wadda ta miƙa makaman da ta gada daga Tarayyar Sobiyet a shekarun 1990, daga baya Rasha ta mamaye ta. Ɗalibin da ya fuskanci wannan hujja ya amsa ta da ilimi ya fi wanda bai taɓa jin ta ba, kuma bai kamata a rage wa wani maki don matsayinsa ya saɓa wa na alƙali ba.

Ƙa'idoji

A rubuta ƙa'idojin a takarda ɗaya, a liƙa a allon sanarwa, a karanta su a taron safe. Su bayyana waɗanda suka cancanci shiga, da adadin kalmomi, da ranar rufewa, da wurin miƙawa, da yadda za a raba maki, da abin da za a ci. Shiga ta zama kyauta. A karɓi rubutun hannu daidai da na kwamfuta, domin kada gasar ta koma ta 'ya'yan masu hali. Kowane ɗalibi rubutu ɗaya zai miƙa, kuma ya ambaci inda ya samo duk wani adadi ko kwanan wata da ya kawo. A nemi amincewar iyaye a rubuce kafin a buga sunan yaro ko hotonsa a jarida ko a intanet.

Babbar matsalar wannan zamani ita ce satar fasaha, ko dai a kwafo daga intanet, ko a sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta, ko wani babba a gida ya yi aikin. Maganin da ya fi sauƙi shi ne a yi gasar zagaye biyu. A zagaye na farko ɗalibi ya rubuta a gida. Waɗanda suka tsallake sai a tara su a aji ɗaya, a ba su awa ɗaya su rubuta gajeren bayani kan jigon da suka zaɓa, sannan alƙalai su yi wa kowa tambayoyi na 'yan mintuna kan abin da ya miƙa. Wanda ya yi aikin da kansa ba ya rasa abin cewa.

Alƙalanci

Babu abin da ke kashe gasa kamar zargin son kai. Saboda haka a cire suna da sunan makaranta daga kowace takarda, a maye su da lamba. Mutum ɗaya, wanda ba alƙali ba, shi ke riƙe jerin lambobin da sunayen har sai an gama. Alƙalai su zama uku ga kowane rukuni, kowa ya ba da makinsa shi kaɗai, sannan a haɗa a raba. Malami kada ya yi alƙalancin ajin da yake koyarwa, wanda kuma ɗansa ko ƙaninsa ya shiga sai ya janye. Mai ɗaukar nauyi ba shi da ta cewa a sakamako.

Ana iya raba maki 100 kamar haka: 30 ga ingancin bayanai, 30 ga ƙarfin hujja ko zurfin tunani, 20 ga tsari, 20 ga ƙa'idojin rubutu da daɗin harshe. A rubutun Hausa, a lura da haruffa masu ƙugiya da rabon kalmomi.

Akwai kurakuran da alƙalai za su riƙa cin karo da su. Na farko shi ne haɗa makamin nukiliya da tashar wutar lantarki ta nukiliya a matsayin abu ɗaya. Haɗarin Chernobyl na 1986 da na Fukushima na 2011 sun auku ne a tashoshin lantarki. Na biyu shi ne kiran kowane babban bam ko makami mai linzami da sunan nukiliya, ko haɗa shi da makamai masu guba, waɗanda suke da tasu yarjejeniyar daban. Na uku shi ne ƙara wata ƙasa cikin jerin taran nan bisa abin da aka gani a shafukan sada zumunta. Na huɗu kuma shi ne mayar da rubutun dandalin zagin wata al'umma ko wani addini, abin da ya kamata ƙa'idojin su haramta tun farko.

Kyauta da abin da ke biyo baya

Kyautar da ta fi daɗewa tana amfani ita ce wadda ta shafi karatu: littattafai, ƙamus, kuɗin makaranta na zango, ko kuɗin rajistar jarrabawa. A sanar da abin da ake da shi a hannu kawai, a kuma miƙa shi a ranar da aka yi alƙawari, domin alƙawarin da aka saɓa wa yaro yana rushe duk darasin da gasar ta so koyarwa. A ba duk wanda ya shiga takardar shaida, a kuma tuna da malamin da ɗalibansa suka fi ƙwazo.

A ranar bikin, a bar waɗanda suka yi nasara su karanta rubutunsu da bakinsu a gaban iyaye. Bayan haka a tattara goma ko ashirin mafi kyau a buga su a ɗan ƙaramin littafi, a ajiye a laburaren makaranta domin 'yan baya. Wasiƙun da aka rubuta wa shugabanni kuwa ana iya aika kwafinsu ta ofisoshin jakadancin ƙasashen da ke Abuja, ko zuwa Ma'aikatar Harkokin Waje. Daga ƙarshe kwamiti ya rubuta gajeren rahoto na adadin waɗanda suka shiga, da abin da aka kashe, da kurakuran da aka fi samu a rubuce-rubucen, ya miƙa wa shugaban makaranta. Da wannan rahoto ne za a gyara takardar bayani da jigon shekara mai zuwa.